Goggo Mai Canza Munduwa

Yanzu idan gari ya waye a kwatarmu ta Garwa, abin da kunne yake fara ji shi ne kukan babura da waƙoƙin da ke fitowa daga wayoyin samari. A zamaninmu ba haka ba ne. Tun kafin rana ta leƙo daga hayin Binuwai za ka ji ƙaras-ƙaras a kan rufin kwano, faratan ungulaye ke nan suna gyara zama, kowace tana neman inda za ta fi hangen hannun mahauci. Sai ƙarar wuƙa a kan dutsen washi, sai kukan bijimin da ya gane inda aka kawo shi, sai muryoyin tsofaffi suna gaisawa rabi da Hausa rabi da Fulatanci. Ba mu taɓa ɗaukar ungulu a bakin komai ba. Ita ce mai shararmu, kafin azahar ta kwashe daskararren jini da guntun hanji da duk abin da muka yar, ta bar wurin fes. Muna korarta da ƙafa kamar kaza, muna tsokanar duk wanda ya fara sanƙo da sunanta. Tsofaffi su ce ungulu ba ta jewar banza, mu kuwa samari mu ce ai mu ma haka, don duk layin da ka gan mu da yamma mun sha wanka, to akwai budurwa a cikinsa.

Mahaifina mahauci ne ɗan mahauci, mutum mara yawan magana, mai wata jar dara da ba ya tsayawa a teburinsa sai da ita. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. In yana cikin raha ya ce mini Mai Lekol, don na yi 'yan shekaru a makaranta na kwaso Faransancin da bai fi cikin cokali ba. In ransa ya ɓaci kuwa, sai in zama "wancan". A gefen teburinsa akwai wani tsohon turke da ya yi baƙi don shan jini. Kullum da safe zai wasa wuƙarsa, ya yanki fincen farko, wato ɗan guntun nama, ya ɗora a kan turken, ya juya ya ci gaba da aikinsa. Sai ungulu guda ta taso daga rufi ta sauka a kai. Da ta sauka sai fuskarta, wadda take fari-fari, ta yi jawur. Wannan ita ce Goggo. Duk kwata an san cewa tun kafin a haife ni take zuwa, an san kunyar Baba take ji shi ya sa fuskarta ke ja, an kuma san ba ta sauka a teburin maha'inci. Ba wanda yake jifan ungulu a wurinmu, don in suna kan rufi ba ka gane wacece Goggo, kuma ana ba da labarin wani da ya taɓa jifanta hannunsa ya kumbura kamar tozo. Na yi tambaya har na gaji ban samu wanda ya san sunan mutumin ba.

Ni dai abin da ke gabana shi ne teburi. A gidanmu ba a ba ɗa wuƙar gado da teburi sai ya ɗora fince a turke Goggo ta sauko ta ci, kuma ba wanda zai kai maka kayan gaisuwa gidan surukai kana ɗan wanke hanji. Ga shi na tara gemu, sa'o'ina har sun fara goyo a gidajensu, ni kuwa ina duƙe a bakin baho ina juya tumbi. Na gwada ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. In na ɗora naman sai in tsaya in zura mata ido, in yi fito, in kaɗa hannu, har lallashi na yi. Sai ta karkata kai daga kan rufi ta dube ni da ido ɗaya, ta ci gaba da gyaran gashinta. Baffa Dogo, ƙanin mahaifina wanda teburinsa ke kallon namu, ba ya bari ta wuce.

"Mai Lekol, ka gwada yi mata da Faransanci mana," in ji shi. "Ƙila bonjur take jira."

Ana cikin haka sai ga wani baƙo, mutumin kudu, dogo siriri, da gajeren wando da littafi da madubin hangen nesa a wuya. Aka ce daga wata makaranta yake ta masu kula da namun daji, kuma ungulu ya zo ƙirgawa. Kwata ta yi dariya har da masu riƙe ciki. Baffa Dogo ya ce in ya gama da ungulu a ba shi ƙudaje ma ya ƙirga, kada su ce an nuna bambanci. Fulatancin baƙon bai wuce "jam na" ba, Hausa kuwa ko ta sayen ƙosai babu, don haka ni na zama bakinsa da kunnensa. Mesiye muke ce masa. Ya kifa wani tsohon baho a gindin bango ya zauna, kwana bakwai yana kallon rufi yana rubutu, ƙuda na sauka a hancinsa ba ya ko motsi. Ya roƙi Baba ya bar shi ya kama wadda ke sauka a turke ya auna ta. Baba ya dube shi tun daga hula har takalmi ya ce in gaya masa a kai kasuwa.

Ranar da na gaya wa Mesiye damuwata, sai ya rufe littafinsa ya yi mini bayani a hankali, yadda Faransancina zai iya ɗauka. Ya ce ungulu ba ta san mai gaskiya da maha'inci ba, ido gare ta da riƙe abin da ta saba gani. Ta san jar hular nan, ta san ƙarar dutsen washi, ta san mutumin da yake ajiye nama ya ba ta baya. "Kai kuwa kana ajiyewa ka tsare ta da ido kamar za ka cinye ta," in ji shi. Na ce to jan fuskar fa? Ya ce jini ne yake hawowa fatar in ta ga abinci ko in za ta yi faɗa, ba kunya ba ce, zumuɗi ne. Na ce ashe ni da ita duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Nan muka ƙulla. Baba zai tafi Maiganga sayen shanu, tafiyar mako guda, kuma ba ya tafiya da jar dara, a ƙusa yake rataye ta. Ni zan sa hular in gwada, shi kuma Mesiye zai kama Goggo ya sa mata ɗan zoben roba a ƙafa don ya riƙa gane ta. Na ce a raina, zobe ɗaya a ƙafar ungulu, wa zai lura?

Muka bari sai bayan azahar, lokacin da kwata ke watsewa kowa ya tafi salla da ƙailula. Na danna jar dara a kaina da ƙyar, don Allah ya hore mini kai. Na wasa wuƙa, na ɗora fince, na juya baya. Ban gama ƙirga goma ba na ji fuka-fuki a bayana. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini, shekara nawa ina neman wannan. Mesiye ya riga ya shimfiɗa zargen igiyar kamun kifi a kan turken, ya ja, ta kamu. Ya rungume ta kamar jaririya, ita kuwa ta saka masa da abin da ungulu take yi in ta tsorata, wato ta amayar masa da duk abin da ta ci tun safe a gaban riga. Ni da na tashi a cikin warin tumbi sai da na ja baya, shi kuwa murmushi yake yi yana cewa alama ce ta lafiya. Muka sa ta a buhu muka ɗora a sikelin Baba, ya auna fiffikenta, ya maƙala mata jan zobe, muka sake ta.

Washegari muka sake, don in tabbatar ba sa'a ba ce. Goggo ta sauko, ƙafarta fayau babu zobe. Na ce wa Mesiye ka gani ko, ta cire, ai na gaya maka ba tsuntsuwar banza ba ce. Ya nuna mini can ƙarshen rufi, ga mai jan zobe a takure tana hararar mu. Muka kama ta biyu, aka sa mata kore. Rana ta uku rawaya, ta huɗu fari, ta biyar shuɗi. Duk wadda aka kama sai ta yi fushi ta ƙaurace wa turken na ɗan lokaci, wata ta maye gurbinta. Ta biyar ɗin ma kanta baƙi ne, ba ta yi farin gashin ƙeya irin na manya ba, Mesiye ya ce yarinya ce ƙarama, ko rabin shekarun gemuna ba ta yi ba. Ya ƙara da cewa ba a gane mace da namijin ungulu da ido, don haka ba mamaki wata Goggon ma kawu ce. Da farko dariya na yi har na zauna a ƙasa. Da na rataye hular a ƙusa sai dariyar ta ɗauke. Mutumin da duk kwata ke ji da shi, shekara da shekaru yana ciyar da tsuntsaye biyar yana zaton ɗaya ce, kuma ni ɗansa ni na sa musu shaidar da makaho ma zai shafa ya gane.

Baba ya dawo da shanu. Safiyar farko ya sa hularsa, ya ɗan tsaya, ya cire ya duba cikinta, ya mayar. Ya wasa wuƙa ya ɗora fince. Goggo ta sauko da jan zobe. Baffa Dogo ne ya fara gani, ya ajiye gatarinsa ya matso yana leƙe.

"Yaya, yaushe Goggo ta yi munduwa?"

Baba ya ce bai sani ba, shi ba ya shiga harkar adon mata. Washegari ta sauko da kore. Kwana na uku da shuɗi. Ni ina jiran asiri ya tonu, ashe mahauta sun ɗauki wata hanya dabam. Ba wanda ya yi tunanin tsuntsaye ne da yawa, ai kowa ya san Goggo ɗaya ce. Abin da aka yanke shi ne kullum tana canza munduwa kamar amarya. Da wani ya hango mai rawaya a kan rufi alhali mai fari tana kan turke, sai aka ce 'yan rakiyarta ne ta ara musu. Labari ya bazu har unguwanni. Mata suka riƙa zuwa sayen nama da kansu don su ga launin ranar, wata ma ta rantse cewa kalar da Goggo ta sa ranar Laraba ita ce ta ankon bikin ƙanwarta. Aka tambayi wani malami da ke sayen hanta a wurinmu, ya shafa gemu ya ce Allah ne masanin gaibu, a dai ƙara masa kitse.

Ranar Lahadi, kwata cike, sai ga Mesiye da littafinsa yana fara'a. Bawan Allah bai san nauyin abin ba, gani yake albishir ya kawo. Ya tsaya a gaban teburin Baba ya yi jawabi mai tsawo da Faransanci, yana nuna rufi, yana nuna turke, yana ɗaga yatsu biyar. Ya gama, duk ido ya dawo kaina. In na faɗi gaskiya, gwajin turke ya rushe, ba sauran abin da zai hana ni teburi, amma Baba zai zama abin dariya a gaban ƙaninsa da yaran da ya koya wa riƙon wuƙa. Na dubi jar darar, sai na ce:

"Ya ce yana gaishe ku, kuma ya duba ya ga Goggo tana cikin ƙoshin lafiya."

"Duk doguwar maganar nan?" in ji Baffa Dogo. "Yatsu biyar ɗin fa?"

"Salloli biyar, Baffa, ya ce a riƙe su da kyau. Faransanci haka yake, romo ya fi nama yawa."

Da la'asar Baba ya aika a kira ni da Mesiye gindin tsamiyar da ke bayan kwata. Yana zaune a kan buzu, hular tana kan gwiwarsa. Ya ce, "Hular nan shekara ashirin tana kama ni daidai, na dawo na tarar tana rufe mini kunnuwa. A gidan nan kai ɗaya ne mai irin wannan aikin." Na sunkuya ina tonon ƙasa da yatsa. Ya ce, "Baƙonka biyar ya ce ko? Yatsu dai ba su da Faransanci. Gaya masa bai iya ƙirga ba, bakwai ne."

Na ɗago kai na bar baki buɗe. Baba ya shiga lissafa su ɗaya bayan ɗaya: mai guntun yatsa, mai tabo a ƙeya, mai tsoron kare, mai zuwa a makare, da sauransu. Ya ce mai jan zobe da mai kore miji da mata ne, sheƙarsu tana kan madacin da ke hanyar kogi, ƙwai ɗaya tak suke yi a shekara, kuma karɓa-karɓa suke kwanci. Ya ce mai shuɗi 'yarsu ce ta bara waccan. Ina fassarawa Mesiye yana rubutu, ya cika shafi ya juya, ya manta ma da madubinsa. Sai na ce, "To Baba, Goggo fa?"

"Ka san masu zuwa da buhu suna neman kan ungulu don haɗa magani?" in ji shi. "Sun zo tun zamanin kakanka. In ka ce wa mutum kada ka kashe ungulu don tana share mana kwata, zai ce to, ya juya ya kashe. In ka ce a cikinsu akwai Goggo, kuma ba a san wacece ba, duk sun tsira. Abin da yake yin ƙwai ɗaya a shekara ba ya jure wasa." Ya mayar da hular kansa, ta zarme har gira, ya ture ta baya. "Ka yi ha'inci da hula, amma yau ka riƙe bakinka, kuma teburi da wuƙa da baki ake riƙe shi. Gobe ka fara zuwa kafin rana, da kanka tsirara, ka ajiye ka ba su baya. Ran da suka san ka, ka zo ka karɓi wuƙa."

Sai da damina ta faɗi kafin mai guntun yatsa ta amince da ni. Na karɓi wuƙa, na yi aure, Mesiye ya gama aikinsa ya tafi da littafi cike da maganar Baba. Da ma a nan labarin ya tsaya da na ji daɗi. Amma bayan rasuwar Baba, bakin nan da aka yaba ya kwance. Labarin yana da daɗin bayarwa, ni kuma ina son a yi dariya in na yi magana. Na ba da shi a majalisa, na ba da shi a bikin mahauta, ina kwaikwayon Baffa Dogo, ina cewa Goggo bakwai ce har da kawu a ciki. Aka yi ta dariya, tsoron ya fita daga zukatan mutane. Masu buhu suka dawo ba wanda ya tare su. Aka sare madacin, aka sare tsamiya aka yi shaguna. A daji kuma aka ce ana barbaɗa wa mushe guba saboda kuraye, ungulu ta ci ta mutu. Ba zan ce ni na ƙarar da su a ƙasar nan ba, abin ya fi ƙarfin bakin mutum ɗaya. Amma a kwatarmu dai ni na cire sakatar, kuma abin yana ci mini rai har yau. Yanzu karnuka da ƙudaje ke gadon aikinsu, kuma ba su iya ba, duk mai hanci ya sani.

Kwanakin baya wata yarinya ta zo daga Marwa, 'yar unguwar Dugoi, da lulluɓinta da littafi da madubi a wuya, ta ce ungulu take ƙirgawa. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Na sa aka kifa mata baho. Ta yi safiya uku tana kallon rufin da ba kowa. A ta huɗu, ina wasa wuƙa, sai na ji ƙaras-ƙaras a sama. Guda ɗaya ce, ramammiya, tana waige-waige. Kafin in ajiye wuƙar na ga wani saurayi ya sunkuya ya ɗauki dutse.

"Ajiye, ɗan nan," na ce masa. "Goggo ce. Tun ina saurayi take zuwa, wanda ya taɓa jifanta hannunsa bai sake moruwa ba."

"Baba, ba kai ne kake ba mu labari cewa bakwai ne ba?"

"Ƙarya nake yi muku a lokacin."

Samarin da ke wurin suka juya ga baƙuwar. "Madam, ke da kika yi karatun, ungulu tana kai shekara hamsin?"

Ta dubi littafinta, ta dube ni, ta gyara lulluɓi. "Bincikenmu bai kai nan ba tukuna," in ji ta. "Amma ni dai ba zan taɓa ta ba."

Saurayin ya saki dutsen, har da goge hannu a wando. Babban ɗana, wanda nake ce wa Mai Waya, ya daɗe yana zagaye-zagayen maganar teburi. Ran nan na kira shi na nuna masa turken kakansa, na ce gobe kafin rana ya ɗora fince ya juya baya, ran da Goggo ta ci ya zo ya karɓi wuƙa. Ya ce in ba ta sauko ba fa? Na ce ya dawo jibi. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan yana sammako, mutumin da a da sai rana ta daki ƙeyarsa yake tashi, kuma shi ne yake korar yara masu danƙo daga bayan kwata. Ba ta sauko ba tukuna, amma ba ta bar rufin ba. Jar darar kuwa na ɓoye ta a inda ba zai taɓa ganowa ba.